Masaƙar Rahab da Jirgin Wata

A Gozaki kowa ya san Rahab masaƙiya da nawa wajen aiki. Kafin ta ɗora zare sai ta jera tsarin gwadon a ƙasa da tsinkayen kara, ta duba sau uku, domin kuskuren da ya shiga saƙa ba ya fita sai an warware. Shekara talatin tana haka, ba a taɓa mayar mata da gwado ba.

Ɗanta Yunis kuwa, sai dai a yi shiru. Ya samu aiki a wani kamfani a Kaduna, yana huda katunan da ke gaya wa wata ƙatuwar na'ura abin da za ta yi. Tun daga nan kansa ya kumbura. Ya rantse kafin bikinsa sai ya faskare masaƙar nan an hura wuta, wai kada amaryarsa 'yar birni ta ga ƙauyanci. Rahab ta ji zafin maganar har cikin ranta, ta haɗiye.

Damunar 1969 sai ga shi ya dawo ba lokacin hutu ba, da rediyo a kafaɗa. Ranar Lahadi bayan sujada ya tara mutane a ƙofar gida yana ba su labarin Amurkawan da suka sauka a duniyar wata, kai ka ce shi ya tuƙa su. Gatarin faskare masaƙar ma ya riga ya aro wurin maƙwabcinsu Mati.

Malam Enoch, malamin makarantar mishan, ya bar shi ya gama kumfar baki, sannan ya buɗe wata mujalla. Ga hoton mata zaune suna zura waya cikin ƙananan zobba. Ya ce umarnin na'urar jirgin da ya kai su wata saƙa shi aka yi, mata suka saƙa da hannu, kuma sai an duba an sake dubawa, don a sama babu mai tsayawa gyara. Ya juya ya tambayi Yunis ko gaskiya ne abin da aka ji a Funtua, cewa an sallame shi saboda ya huda kati da gaggawa, na'ura ta tura irin audugar lardi guda inda ba a noma ta.

Yunis ya fara inda-inda, wai ai ana gyarawa daga baya. Irinsa sun cika duniya yau, masu rubuta wa kwamfuta umarni da garaje su bar jama'a da wahala.

Rahab ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ɗago.

"Sau nawa ka duba kafin ka huda?"

"Sau ɗaya, Inna."

"To mayar wa Mati gatarinsa."

Gwadon da ta saƙa a masaƙar nan aka sayar aka yi hidimar bikin, kuma shi Yunis ya kai shi kasuwar Malumfashi a ka.