Kwanon Makarantarmu

Duk sanda ruwan sama ya bugi ƙarfen na'urar sanyaya ɗaki da ke maƙale a tagata a nan unguwar Morrisania ta Bronx, a Amurka, sai raina ya ɓaci. Ƙarar kwanon rufi ce sak. Ni kuwa akwai tsohuwar gaba tsakanina da kwano, bari ku ji dalili.

Makarantar ƙauyenmu ɗaki ɗaya ce na ƙasa, da jinka a kai. Kowace bazara, da hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai a yi mata gayya. Maza su kwaɓa ƙasa da ƙafa, samari su hau gyaran jinka, mu 'yan mata mu yi ta jidar ruwa daga rafi har wuya ya sage. Kakata ce mai dama wa masu aiki kunu, ita da ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba. Har yau hancina bai manta ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙaiƙayi ba. Mai 'ya'ya da marar 'ya'ya, kowa sai ya taka laka.

Shekarar da aka sa ni aji, gwamnati ta aiko da kwanon rufi. Kwano tsura, ba ƙusa, ba katako. Aka jingine shi a zauren mai gari ana jiran sauran kaya, har aka yi girbi, har rani ya yi nisa, shiru. Sai wani attajiri mai motar ɗaukar gyaɗa ya kawo shawara: tunda don yara aka aiko, kowane uba ya ɗauki rabon ɗansa ya nema masa karatu inda ransa ya so. Maganar ta yi wa maza daɗi.

Kakata ta ja zane ta tsaya a ƙofar zauren, inda mata ba sa tsayawa. Ta ce, "Ku da gemunanku, rufi za ku raba? In ruwa ya zo, kowa ya ɗora fallensa a ka?"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Iya, koma ki ji da kununki."

Aka raba. Attajirin ya bi gida gida ya saye na mabuƙata, ya yi wa wani ɗaki rufi da shi a gidansa, ya ɗauko malami daga birni don 'ya'yansa da na masu iya biya. Namu falle ɗaya ne. Babana ya juya shi, ya sake juya shi, daga ƙarshe ya yi wa awaki ƙofa da shi. Bazarar nan ba a yi gayya ba, kowa ya ce ai ya karɓi nasa. Da damina ta nutsa jinka ta rufta, bango ya zauna. Malaminmu ya ɗaure kayansa a keke ya tafi. Ban ko iya rubuta sunana ba.

Sai da furfura ta fito mini na iya, a makarantar gwamnati ta nan Bronx, ajin manya, bayan na tashi daga shara a asibiti. A kujerar yara nake zama, gwiwoyina suna dukan tebur. Ba wanda ya tambaye ni 'yar wa ce.

Kwanakin baya ɗana, mai tuƙa tasi a filin jirgin sama na JFK, ya shigo da murnarsa. "Umma, wasu jihohi sun fara zuba wa kowane yaro kasonsa na kuɗin makaranta a asusu, uba ya kai shi inda yake so. Muna neman a kawo mana nan."

Ban ce ba shi da hujja ba. Ajin 'ya'yansa a cunkushe yake, silin yana yoyo, na gani da idona. Amma yara biyu gare shi. Makarantar kuɗin da yake hari ta ce namijin ya zo. Macen kuwa, da kunnenta ba ya ji sosai, cewa suka yi ba su da malamin irinta, suna murmushi suka raka mu ƙofa. Ta gwamnatin nan mai yoyo ce ta karɓe ta, har da malama ta musamman. To in masu ƙarfi suka zare kasonsu suka tafi, wa zai biya malamar? Wa zai je ya yi hayaniya a gyara silin?

Na ce masa, "In rufi yana yoyo hawa ake a toshe. Ka raba shi, 'yarka ce za ta zauna a ruwa."

Ya ce, "Haba Umma, nan fa Amurka ce, ba ƙauye ba."

Na san Amurka ce. Shi ya sa duk taron iyaye nake zuwa da guntun Turancina, in tsaya inda za a gan ni, kamar kakata a ƙofar zaure. Su yi dariyar in sun ga dama. Ni an taɓa ba ni kasona a hannu, na kuma ga abin da ya zama. Awakinmu dai sun sami ƙofa mai kyau.