Zakarun Baƙon da Bai Iso Ba

Ni dai in aka ambaci tatsuniya, ƙaurin hayaƙin kara nake fara ji kafin komai. A ƙauyenmu, gabas da Moriki, da an idar da sallar isha'i lokacin ɗari, sai mu jikoki mu tattaru a ɗakin Kaka Tumba, uwar mahaifina. Tana da wani tsagaggen kasko da take hura wuta a ciki. Sai ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, tana ɓarar gyaɗa tana zagin duk wanda ya kai hannu. Ni na fi kowa kai hannun, ni na fi kowa surutu, shi ya sa ta raɗa mini Mai-baki. Akwai wasa tsakanin jika da kaka, ni kuwa na riƙe wannan wasa hannu bibbiyu.

Akurkin kajinta yana jingine da bayan ɗakin, har muna jin motsinsu ta bango. A unguwarmu kaf ba wanda ya kai ta sanin kaji. Mata kan zo da kaza a hammata suna tambayar abin da ya hana ta ƙwai, ita kuwa kafin ta ko kalli kazar sai ta tambaya zakaru nawa ne a gidan. Ba mamaki da tatsuniyar da ta fi yi mana ta kaji ce.

"Ga ta nan tahe da kayanta bisa kai," in ji ta.

"Ta sauke nan mu gani!"

Wai a wani gida akwai kaji tara da zakara guda, ja, mai dogon zanko. Kirki ne da shi. In ya yi tono ya sami gara ko tsaba, ba ya ci, sai ya riƙa ɗagawa yana ajiyewa yana ƙut-ƙut har kajin su rugo. Suna kiwo, shi idonsa na sama. Da ya hangi inuwar shirwa sai ya ƙwalla ƙara, kowace uwa ta ja 'ya'yanta ƙarƙashin rumbu. Ran nan wata kaza mai wayon tsiya ta ce, tunda guda ɗaya ya yi mana wannan, ina ga biyar? Suka aika maƙwabta aka gayyato zakaru huɗu. Tun asubar farko cara ta koma gasa, kafin hantsi ta koma dambe. Wanda aka kayar sai ya huce a kan kajin. In ɗaya ya hau kaza, sauran su rugo su ma su hau, don kada a ce an fi su. Ba wanda ya sake ɗaga kai ya dubi sama. Shirwa ta zo ta sauka a kan rumbu hankali kwance, kullum ta zaɓi ɗan tsako guda.

A nan Kaka kan shaƙe murya ta yi maganar shirwa: "Sannunku da aiki, mazaje. Ku ci gaba abinku, ni ba ni daɗewa." Mu kuwa mu yi ta birgima don dariya. Ƙarshe dai 'yan tsaki suka ƙare, kajin suka koma figaggu, suka gudu suka bar wa zakarun gidan.

"Nan ta tsaya, ɓera ya ja sauran rami," in ji ta. Sannan ta nuna mu da tsinken tonon wuta. "Ku jiya, ku mata. Zakara guda ya ishi kaji tara, goma in shina da ƙarhi. Kinka ƙara bisa hakanan, kajinki kinka cuta."

Na haddace wannan magana kamar karatun allo, ban san wata rana a kan Kaka zan mayar da ita ba.

Ina shekara shida mahaifina ya bi motar shanu daga kasuwar Shinkafi zuwa Kudu, kamar yadda ya saba, da niyyar kwana goma. Bai dawo ba. Ƙaninsa, Baffa Isa, ya bi sawu har sau biyu, ya dawo da kuɗin mota a ƙare da labarai masu karo da juna. Ba gawa, ba wasiƙa. Innata ta yi kuka har ta gaji. Kaka ba ta yi ba, don mahaifina ɗan farinta ne. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. In aka zo mata jaje sai ta ce, "Allah shi kyauta," ta shiga zancen damina. Har na riƙa jin haushinta, ina ganin ba ta damu ba.

Bayan girbin shekarar, ta zaɓi ɗan zakaran da ya fi kyau cikin ƙyanƙyasar damina ta ce kada wanda ya taɓa shi, na baƙo ne. Ba ta ce wane baƙo ba, ba a kuma tambaye ta ba. Shekara ta zagayo, ta ce naman wancan ya yi tauri, ba a tarbar baƙo da tsohon zakara, ta keɓe wani. Amma na farkon ma ta hana a yanka, tunda an riga an yi masa mai shi. Haka ta yi ta yi har zakarun baƙo suka kai huɗu, ga kuma zakaran gida, a kan kaji takwas.

Abin da ke cikin tatsuniya ya sauko tsakar gidanmu. Bayan kajin ya fige tas, fata ja a waje, ƙeyarsu duk miki. Wasu suka daina shiga akurki, suna kwana a kan katanga. Mai kwanci ba a bar ta ta zauna a kan ƙwai, ga baragurbi ko'ina. Matan da ke zuwa neman shawara suna gani, su kau da kai. Manya duk sun gane, sun yi shiru. Kaka kuwa kullum da safe tana bin kajin da man kaɗanya tana shafa musu. Kuma da dare in mun roƙa, ta yi mana tatsuniyar nan, ba ta canja ko kalma ba.

Cikin kajin akwai tawa, wata 'yar wake-wake da Kaka ta ba ni kiwo tun tana sagara. Ita suka fi matsa wa, don ba ta da gudu. Wata ranar Laraba da la'asar na same ta a bayan turmi, zakaru uku a kanta, ta riga ta daina motsi. Na haƙa rami na binne ta, ban gaya wa kowa ba.

Da muka zauna a bakin wuta, Kaka ta buɗe baki za ta fara, sai na tari numfashinta.

"Ba mu son ta. Ke kinka ce guda ya isa, ga biyar nan kin aje sun kashe min kaza."

"Mai-baki, yi kurum."

"Ba ni yi! Wa kinka aje ma su? Baba ba shi dawowa, kowa ya sani. Ke ɗai ba ki sani ba."

Na zaci za ta kai mini duka da tsinken nan, da ma ta yi. Sai ta ajiye shi a hankali, ta dubi wutar, ta ce, "Ku tai ku kwanta, ɗiyan nan."

Washegari ta sa Baffa Isa ya kama zakarun baƙo duka huɗu ya yanka. Aka yi tuwo, aka kira liman da dattawan unguwa. Liman ya zauna a zaure, mu mata muna daga ciki. Ya ɗaga murya ya ce, "Tumba, sadakag ga ta wa ta? Sai an hwaɗi suna a yi addu'a." Ya sani sarai, amma ba ya so ya zama shi ya fara faɗa. Sai Kaka ta juyo ta kama hannuna.

"Ke, hwaɗa mai sunan ubanki."

Ban taɓa kiran sunan nan haka tsirara ba. Na ce, "Garba." Liman ya ce Allah ya jiƙan Garba, zaure ya amsa da amin. Ina shekara goma, ni na sanar da rasuwar mahaifina.

Ba a yi wata ba Innata ta je gaban alƙali ya ba ta izini, ta yi takaba, danginta suka mayar da ita Shinkafi. Ashe nauyin tsohuwar ne ya zaunar da ita duk shekarun nan. Muddin zakarun na cara, ba za ta iya cewa ta fid da rai ba. Ni aka bar ni wajen Kaka. Gashin kajin ya tsiro, suka koma ƙwai, aka yi ƙyanƙyasa mai kyau a daminar. Tatsuniya kuwa aka ci gaba da yi, amma ta kaji ba ta sake fitowa daga bakinta ba har ta bar duniya.

Yanzu ina aure a Kaura Namoda, ƙauyen namu ma ya watse saboda 'yan bindiga. Ina da kaji a bayan ɗaki, zakara guda, in 'yan zakaru suka tasa na yanka ko na kai kasuwa. Ƙa'idarta gaskiya ce, abin da na faɗa a daren nan ma wataƙila gaskiya ne. Sai da na girma na gane ta fi ni sanin lissafin nan nesa ba kusa ba. Tana gani kajin na wahala, tana shafa musu mai, ta zaɓi hakan don ita ce kaɗai hanyar da aka bar mata ta ce tana son ɗanta. Ni kuma na rufe mata ita saboda kaza guda. Na so in nemi gafararta, kunya ta hana ni, kullum ina cewa sai gobe.

Har yau ba wanda ya zo ya ce ya ga kabarin mahaifina. Shaidar rasuwarsa kaf ita ce maganar wata yarinya mai jin haushi, kuma ni ce yarinyar.