Ranar da Ƙauye Ya Ƙi Bin Birni

Zaɓe dai na gani iri-iri, na kuma manta da yawancinsu, amma wanda kawuna ya tsaya takara, wannan kam zan shiga kabari da shi a raina. A ranar ce na gano cewa mu mutanen cikin ganuwar Zariya akwai abin da muka jahilta, duk da taƙamar ilmin da muke yi.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, ɗan babban gida a unguwar Kusfa. Kujerar da yake nema, ƙuri'unta sun haɗa da cikin birni, da unguwannin bayan ganuwa, da ƙauyukan da ke kewaye. Ni kuwa a lokacin ina koyarwa a makaranta, ga ni da shisshigi da son bin ƙwaƙƙwafi, don haka tun ba a kira ni ba na kai kaina.

A cikin birni mun san yadda ake neman ƙuri'a, kuma ba da lasifika ba ne. Zaure-zaure ake bi, a je ta'aziyya, a je suna, a gaida malamai. Kafin a tambayi me mutum zai yi, sai an fara tambayar ɗan gidan waye. Ta wannan fannin Kawu ba shi da haufi. Bayan ganuwa kuwa, wajen Tudun Wada, abin daban ne. 'Yan kasuwa ne da ɗalibai da ma'aikata daga ko'ina, babu ruwansu da kakan kowa, jam'iyya suke dubawa da maganar wuta da kwata. Can dai an san raba ƙuri'u za a yi. Saura ƙauyuka, kuma duk wanda suka bi shi zai ci.

Da aka zo maganarsu a zauren Kawu, wani amininsa ya yi dariya ya ce ai ƙauye tun fil azal birni yake bi. Aka tsayar da shawara a karrama su, wato a gayyato dattawansu gida. A wurinmu babu girmamawar da ta kai a kira mutum babban zaure a zauna da shi. Ni aka tura a kan babur na bi gari-gari ina isar da saƙo, ina ta jin kaina wani babba. Suka zo kuwa cikin fararen riguna, aka baza musu tabarmi, Kawu yana kan kujerarsa, aka kawo shinkafa da kaji. Ba su yi doguwar magana ba. Suka ci, suka yi godiya, suka yi addu'a, suka tafi. Muka kalli juna muka ce an gama.

Ranar zaɓe aka tura ni ɗaya daga cikin ƙauyukan a matsayin wakilin Kawu. Na yi sammako, a zatona zan tarar da rumfa babu kowa, domin a unguwarmu sai an karya, an taɓa hira a ƙofar gida, sannan a taho ana jan ƙafa. Ina isa na tarar da layi ya miƙe har bayan masallaci. Maza sun jingina kekunansu da fartanya a ɗaure, so suke su gama su wuce fadama. Layin mata ma ya fi na maza tsawo. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu gardama. A birni kowane layi majalisa ce, wannan ya kawo hujja wancan ya rushe ta. Nan kuwa kowa shiru, ya dangwala ya kama gabansa, kamar aikin gayya. Na yi ta bin mutane da tambaya, su kuma suna amsa mini da murmushi da "Sannu da zuwa, Malam."

Da la'asar aka zazzage akwati aka fara ɗaga ƙuri'u ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a. Sunan jam'iyyar abokin hamayyarmu kawai nake ji, har na fara zaton bakin mai ƙirgar ne ya saba da shi. Na Kawu sai jefi-jefi. Kunya ta rufe ni, amma son sanin dalili ya fi kunyar ƙarfi.

Na hango wani dattijo a gindin mangwaro, ɗaya daga cikin waɗanda suka ci kajin nan. Na je na durƙusa na tambaye shi kai tsaye, me Kawu ya yi musu? Ya miƙo mini guntun rake, ya bari sai da na fara sha.

"Malam, kawunka mutumin kirki ne, abincinsa ma ya yi daɗi. Amma tsakaninmu da shi, wa yake nema a wurin wa?"

Ya ci gaba da cewa a zamanin iyayensu, idan aka aiko daga birni a zo, to haraji ne ko laifi. Ranar da na shigo da babur ɗina, wani tsoho cewa ya yi ga jakada ya dawo. Shi kuwa ɗayan ɗan takarar, da ƙafarsa ya zo da damina, motarsa ta kafe a rafi suka taru suka tura, ya ga gadar da ta karye da idonsa, ya zauna a tabarma ɗaya da su ya ci tuwon dawa. Bayan sallar Juma'a gari ya haɗu ya yanke magana, shi ke nan.

Washegari sakamako ya fito. Cikin birni Kawu ya yi kaca-kaca da abokin takararsa, bayan ganuwa aka raba, ƙauyuka suka kayar da shi. Zaure ya cika da masu jaje, kowa na cewa maguɗi aka yi. Da aka watse Kawu ya kira ni ciki, ya ce in faɗa masa gaskiya tunda ni na je. Na faɗa masa duka, har da maganar jakada, ban rage komai ba.

Da na gama sai ya tambaye ni, muryarsa a sanyaye.

"Ta wace ƙofa ake fita zuwa garin nan?"

"Ta Ƙofar Gayan, Kawu."

Mutumin da ya yi aiki a Ikko, ya je Makka ba sau ɗaya ba, furfura ta cika masa kai, bai san hanyar garin da ake kawo masarar tuwonsa daga cikinsa ba. Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji kunyar kaina, domin ni ma sai da neman ƙuri'a ya tashi na taka can.

Tun daga ranar na daina yi wa mutanen wani yanki dariya don sun zaɓi abin da ban zaɓa ba. Kowane wuri da abin da yake tunawa idan ya tsaya gaban akwati, kuma ba ka saninsa daga zaurenka. Na taso ina jin ana cewa zuwa da kai ya fi saƙo, amma sai da Kawu ya rasa kujera na san nauyin maganar.