Malam Mijinyawa da Wasan da Ya Raba Shi da Gari

Kullum bayan la'asar Malam Mijinyawa yakan jingine kekensa a bayan aji, ya share dandamali, ya jera bencina. Wata rana ɗalibai uku su zo gwajin wasa, wata rana shi kaɗai. Shekara goma sha huɗu ke nan yana haka a firamarenmu ta Tudun Ƙofa, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye alli.

A da, har kan katanga ake hawa don kallon wasan kwaikwayonsa. Sai a 1962 aka yi wa Iya Huraira mai ƙosai ƙazafin maita. Aka daina sayen ƙosanta, ana shirin korarta daga unguwa. Malam ya rubuta wasa a kan wani tela da ya ƙi bin gari wajen korar wata tsohuwa. Ni aka ba telan.

Mahaifina ya taka har makaranta. "Malam, mu kake zagi da bakin 'ya'yanmu?"

"Allah ya huci zuciyarka, Alhaji. Ban kama sunan kowa ba."

"To, a cire ɗana Husaini."

Haka aka janye mu ɗaya bayan ɗaya. Ranar wasa Malam ya hau shi kaɗai. Ya yi telan, ya yi tsohuwar, ya yi mutanen gari, yana sauya hula da mayafi. Mutum huɗu ne suka zo. Wilson, masinjan makarantarmu, yana cikinsu, ya ce da aka gama babu wanda ya iya yin tafi. Iya Huraira ma tana wurin, ta rufe fuska tana kuka.

Daga ranar, in Malam ya iso majalisa sai a watse. Ɗaurin aure ba a kai masa goro. Shi kuwa kowace safiya sai ya tsuguna gaban kaskon Iya, ya ci ƙosai a idon kowa. Bayan wata bakwai mata suka fara aikawa a sayo musu. Ba a kore ta ba, a ɗakinta ta rasu. Amma shi gari bai sake jawo shi jiki ba, yanzu ma da kuɗin man fetur ya shigo kowa ya koma silima.

Malam, kai ne ka tsaya ranar da muka gudu. Na girma, na yi aikin gwamnati, ban taɓa zuwa na ce ka yafe mini ba. Yau na faɗa. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Jama'a, in kun ga an taru a kan mutum ɗaya, ku tambayi laifinsa kafin ku sa baki. Wanda kuma ya gamu da Malam a hanya, ya riga shi sallama. Ya daɗe yana yi ba a amsawa.