Garmahon Bah Donbok a Hannun Mai Gyaran Agogo

A unguwarmu ta Mawkhar, inda ake girmama namiji da Bah, mace da Kong, babu wanda bai san Bah Kyrshan mai gyaran agogo ba. Shekara talatin da wani abu yana zaune a ɗan shagon nan nasa, gilashi maƙale a ido ɗaya. Amma in ka kira shi mai gyaran agogo ba ka faranta masa ba. Shi a ganinsa, duk garin Shillong babu wanda ya kai shi sanin tsohon kiɗan Turawa na rok. Faifai ɗari uku da ɗoriya gare shi, jere a kabad ɗin da matarsa, Kong Rida, ta saya don ajiye kwanuka.

Duk Lahadi in an tashi daga coci mukan taru a falonsa, mu shida ko bakwai. Kong Rida ta kawo jan shayi da wainar shinkafa, shi kuma ya bi mu ɗaya bayan ɗaya: "To, kai me kake ji a makon nan?" Duk abin da ka faɗa sai ya gyara maka. Ka ce faifai kaza ya fi daɗi, ya ce ai don ba ka ji wanda mawaƙan suka fitar kafin mai gangarsu ya bar su ba. Sai ya tashi ya ɗauko, ya goge da wani ƙyalle da ba ya barin kowa ya taɓa, ya ɗora allura, ya ce mu yi shiru ko da ba mai magana.

Ana nan sai Bah Donbok ya dawo gari. Aikin jirgin ƙasa ya yi a Kolkata har ya yi ritaya, ya tare a gidan matarsa a unguwar Laitumkhrah da akwati goma sha biyu, duk faifai. Garmahonsa ɗan Japan ne, lasifikokin kuwa sun kai ƙugun mutum. Ga shi da fara'a, ba ya gyara wa kowa magana. In ka yaba wani faifai sai ya ce, "Tafi da shi mana, in ka gaji ka dawo da shi." Bah Kyrshan kuwa ko ƙanin matarsa bai taɓa ba wa aro ba.

A hankali falon ya fara ragewa. Wannan Lahadi mutum ɗaya bai zo ba, ta gaba biyu. Bah Kyrshan ya daure, har ranar da ya tambayi Bah Pynshai, abokinsa tun firamare, abin da yake ji. Pynshai ya sosa ƙeya ya ambaci faifan da Kyrshan ya fi so a duniya, wani mai jan bango.

"A ina ka ji shi? Nawa yana kabad."

"Na Donbok ne. Nasa bugun Ingila ne, Bah. Ka je ka ji, kamar mutanen suna cikin ɗakin."

"Ni na fara jiyar da kai faifan nan, kana da gashi a ka lokacin."

"Ban musa ba."

"Tara kaya daban, sanin kiɗa daban. Mutumin nan ɗan dako ne kawai."

Ranar ko faifai ɗaya bai saka ba. Muka shanye shayinmu muka watse.

Da damina ta kankama sai garmahon Bah Donbok ya tsaya cak. Ya naɗe shi a bargo ya ɗauko tasi har ƙofar shago. "Bah," in ji shi, "an ce in ba kai ba, sai dai Kolkata." Bah Kyrshan ya leƙa ciki, ya girgiza kai, ya ce aikin babba ne, sai an aiko da wani ƙarfe daga Guwahati. Ya ce shagon ya yi ƙunci, a gida zai ajiye shi.

Daga baya Kong Rida ta gaya mini cewa wata 'yar waya ce kawai ta saki, kuma a ranar ya gyara.

Lahadi uku a jere falon ya cika kamar da. Har Bah Donbok ya zo, ya zauna bakin ƙofa yana gyaɗa kai, ana jin kiɗa a tsohon garmahon mai gida. Na Donbok kuwa yana ɗakin ciki, lulluɓe. Sai dai Bah Kyrshan bai sami daɗin da ya zata ba. Kullum da tsakar rana yakan rufe shago ya zo cin abinci, ya haɗa garmahon baƙon da nasa lasifikokin, ya saka faifansa mai jan bango. Sai ya ji abin da bai taɓa ji ba: wata jita ta biyu can ƙarƙashin ta farko, da numfashin mawaƙin kafin ya ɗaga murya. Ya bar shinkafarsa ta huce.

"Rida," ya ce, "ashe shekara talatin rabin kiɗa nake ji. Kuma a ce mai wannan abu bai ma san sunan mai gangar ba!"

Wata Laraba Bah Donbok ya je shago bai same shi ba, sai ya biyo gida. Tun daga matakala ya gane muryar garmahonsa. Kong Rida ta buɗe masa, ta nuna masa ɗakin.

"A'a, ashe ƙarfen ya iso daga Guwahati!"

Bah Kyrshan ya miƙe a daburce. "Yau da safe. Gwaji nake yi."

"Yau kwana goma sha tara yana gwajin," in ji Kong Rida daga kicin.

Bah Donbok ya yi dariya har da tari, ya ja kujera ya zauna, suka ji gefen faifan har ƙarshe. Sannan ya ce, "Gaskiya, Bah, ni saye kawai na iya. Ka riƙa zuwa gidana ran Lahadi, kai ka zaɓa, kai ka yi bayani. Kayan nawa, ilimin naka."

Da zagi ya yi masa, da ya fi sauƙi. Bah Kyrshan ya naɗe garmahon a bargonsa, ya ɗauka da kansa har bakin titi, ya tsayar da tasi. Bai taɓa taka gidan Laitumkhrah ba har yau.

Yanzu taron ya rabu biyu, ni kuma ina zuwa nan wannan mako, can mako na gaba. Duk Litinin ɗin da ta biyo bayan zuwana can sai ya tare ni a hanya ya tambayi abin da aka saka, da wanda aka fara da shi, sannan ya ce an yi kuskure. Tsohon garmahonsa kuwa wata huɗu ke nan yana kan teburin shago a wargaje, yana neman inda jitar nan ta biyu take maƙalewa. Agogona yana wurinsa tun Kirsimeti.