Ranar da Aka Ɗauke Ni a Kujerata

Salamu alaikum 'yan'uwa na birnin nan na Bahiya da ke ƙetaren teku, na kan tudu da na bakin ruwa.

Ni ne Garba mai ɗaukar kujera, irin wadda ake ɗaukar mutane a ciki a kai su unguwa. Wata bakwai ba ku gan ni a mazauninmu na dandalin Pelurinyo inda muke jiran masu hawa ba, har na ji wasu sun fara yi mini addu'ar mamaci. Ku dakata tukuna. Ga takarda ku miƙa wa juna, ku yafe rubutun: karatuna a izu biyu ya tsaya, hannun kuma rawa yake.

Abin ya fara da takalmi. Kun san duk wanda ya fanshi kansa a garin nan, takalmi yake fara saya. Wata Juma'a ina hawan tudun nan da ake kira Ladera da Parasa, takalmi ɗaya ya fita daga ƙafata ban sani ba. Sai da na shiga gida matata Hajara ta dube ni ta ce, "Malam, rabinka ya koma bauta ne?"

Na yi dariya. Da na tsunkuli ƙafar ban ji komai ba, dariyar ta tsaya.

Daga nan gwiwa ta fara saki, yatsu suna yi kamar tururuwa na yawo a ciki. Na ɓoye. Kujera mutum biyu ke ɗaukarta, wanda ƙafarsa ta gaza sai a ba wani sandar da yake ɗaukar kujerar da ita, ni kuwa 'ya'ya uku ke jiran garin rogo. Ran nan muna ɗauke da wata Baturiya mai jiki, na durƙusa a tsakiyar gangare ba shiri. Salisu, Bayarabe abokin ɗaukata, shi ya tare kujerar da kafaɗa. Na ce santsi ne. Ya ce, "Garba, wata biyu ba a yi ruwa ba."

Da safe Salisu da wani abokin aikinmu suka zo da kujerar tawa za su kai ni asibiti. Shekara ashirin ina ɗaukar mutane, ban taɓa shiga ciki ba. Ashe haka muke jijjiga bayin Allah! Ina ta ihun "A hankali!" Salisu ya ce, "Yi shiru, haka kake tafiya."

Likita, wani Bature, ya soka mini allura daga tafin ƙafa har gwiwa, yana tambaya ko na ji. Ya sa na rufe ido na tsaya, na faɗa kan mataimakinsa. Na ce mene ne sunan ciwon? Ya ce ya ga irinsa a wurin mutane da yawa, amma har yanzu suna gardama a kansa. In yi wanka a teku, in dawo bayan wata.

Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Ciwon da Bature bai san sunansa ba!

Na sha rubutu, na yi wankan teku, Hajara ta ɗura mini wake har na fara jin haushinsa. Ban san wanne ya yi aiki ba. Yanzu ina takawa da sanda har bakin titi. Sunan ciwon dai ana nan ana jira.

Makon jiya na lallaɓa wurin Baba Idi shugaban mazauninmu. Ya ce, "Sandarka ta kujera mun ba Musa, sabon yaron nan." Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Amma tun da ka kwanta Turawa ke kwararmu a ciniki. Ciwon ya taɓa bakinka?" Na ce ko kaɗan. Ya turo mini ɗan benci: ni zan riƙa tsayar da farashi, rabona yana nan.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Salisu, ya bar mini Hajara.

Shawarata: in ƙafarka ta daina ji, ka faɗa wa abokin ɗaukarka tun kafin ka kayar da matar wani. Ba za su yar da kai ba. Ni ga shi an ba ni aikin zama, wanda tun ina yaro nake roƙon Allah.