Ƙasa Mai Taushi da Aka Kwantar da Kaka Salmanu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kaka, akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba, ko Innata. Kabarinka yana cikin tsohuwar hanyar ruwan nan da ka ce mutanen farko ne suka haƙa. Damina kuwa ta kusa.

Kakana Salmanu ya rasu ranar Talata, sha shida ga Shawwal, shekara ta 1443, bayan sallar azahar, a ƙauyenmu da ke yamma da garin Hasahisa, a ƙasar Sudan. Bai yi doguwar jinya ba. Ya sha jabanarsa, wato gahawa, da safe, ya ce kansa yana masa nauyi, ya kwanta a kan angarib, gadonsa na igiya, ƙarƙashin rumfa. Da aka je tashinsa an tarar mai abu ya karɓi abinsa. Ni ce Sawsan, ɗiyar ɗansa Abdussalami. Ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuta.

Kaka, kowa ya san ka da tura'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin Jazira. Tun kana saurayi kake shiga cikinta kana yashe laka da ciyawa, har fatar ƙafafunka ta yi fari kamar an jiƙa ta. Ba ka taɓa mallakar hawasha ba, wato gonar kanka, ko kadada ɗaya. Gonakin wasu ka shayar har ka tsufa. Da mijin maƙwabciyarmu Iya Ruƙayya ya mutu, kai ne ka riƙa buɗe mata ruwa a gonarta idan layinta ya zo, ka toshe idan ta ƙoshi, ba ka taɓa cin ko tumatir ɗaya daga wurinta ba. Randar da ke gindin bedi a bakin hanya, wadda masu wucewa suke sha, kai ne ka ajiye ta. Yau ta bushe, babu wanda ya tuna.

Ni kuwa, idan baƙi suka zo na ɓuya a bayan ƙofa, kai ne kake cewa, "Ku ƙyale mini uwargidana, ba ta magana da talakawa." Sai a yi dariya a manta da ni. Idan na amsa maka da Larabci sai ka toshe kunne ka ce, "Mi kika ce? Ni kurma ne, Hausa kaɗai nike ji." Hausar da nake rubutu da ita yanzu a bakinka na tsince ta.

Abu ɗaya ne mutane ba su yarda da kai ba a kansa. Ka ce tun kafin Turawa su zo su tsaga tura'o'insu, akwai waɗanda suka riga su. Ka ce ƙasar nan duka saƙe take da hanyoyin ruwa a ƙarƙashi, daga kogin gabas har na yamma, masu faɗin da raƙumi da kaya ba zai tsallake ba. Ka ce an yi birane, an yi kasuwanni, sannan aka wayi gari babu kowa. Idan garma ta tono tsingaro ko jan bulo, sai ka ɗauka ka goge, ka duba, ka mayar da shi ramin ka rufe. Ka ce kayan mutane ne.

Osman ɗan Gwaggo Widad ya taɓa nuna maka wani bidiyo a wayarsa, wani mutum yana cewa an hango irin waɗannan layuka daga sama a wata ƙasa mai nisa. Ya ce, "Ya Haj, ga abokinka! Ku biyu ku haɗu ku buɗe jami'a." Ka kalli wayar da daɗewa, ka ce, "Wanga bai taɓa riƙe shebur ba. Dubi hannunsa." Malaminmu na firamare kuma ya ce kwari ne kawai da ruwan sama ya yi wa kansa. Ban san wanda yake da gaskiya ba. Har yanzu ban sani ba.

Abin da na sani shi ne abin da na gani. Shekarar da aka yi ambaliya, washegarin babban ruwan nan, kowa yana fama da katangarsa da ta faɗi, ka ɗora ni a kan jaki muka fita bayan gari, gaba da maƙabarta. A fili babu komai sai laka. Amma a tsakiyarsa ga ruwa yana tafiya a miƙe kamar an ja igiya, daga kudu har inda ido ya ƙare. Bai yi kwana ba, bai karkace ba. Babu sauti. Ka cire takalmanka ka yi sallama, kamar mai shiga gidan mutane. Ni na riƙe wuyan jakin, don na ji kamar za a amsa.

Ka ce mini, "Sun haƙa, sun sha, sun tafi, ko sunan ɗaya bai rage ba. Mu ma da muka yashe ta Jazira, wa zai san mu?"

Kafin la'asar ruwan ya shanye. Da na faɗa a gida, Baba ya yi faɗa. Ya ce maka, "Baba, don Allah ka daina cusa wa yarinya wannan zance. Ana yi mana dariya a masallaci." Tun daga ranar ba ka sake maganar a gabansa ba, ni ma haka.

Mata ba sa zuwa binnewa, don haka ban ga inda aka kai ka ba. A zaman makoki na ji Baba ta bayan zana yana gaya wa masu gaisuwa. Ya ce tsohuwar maƙabarta ta cika, sai suka matsa gaba. Ya ce ƙasar rani ta bushe kamar dutse, diga tana tsalle, sun gwada nan sun gwada can, sai suka dace da wani wuri da ya buɗe musu kamar garin tuwo. Dattawa suka ce, "Allahu akbar. Ƙasa ta yi marhabin da shi. Alamar mutumin kirki ke nan." Sai Baba ya amsa musu. Ya ce, "Na ɓata masa rai, amma Ubangijinsa ya karɓe shi." Duk wanda ya zo sai ya maimaita masa. Da wannan maganar yake samun cin abinci.

Bayan an watse na fita neman itace, na bi ta wajen. Na gane wurin tun daga nesa, don ciyawarsa ta fi ta gefe duhu ko da ta bushe. Kana tsakiyar layin, Kaka. Taushin da suka samu, lakar da ruwa ya daɗe yana ajiyewa ce. Na tsaya da rana tsaka, kawalwalniya tana rawa a kan layin har ƙarshen gani, kamar ruwan ya riga ya taso.

Na dawo gida na buɗe baki sau da yawa. Idan na faɗa, na ƙwace wa Baba abin da yake riƙe da shi. Idan na yi shiru, ruwa zai bi ta kanka. Ba kowace damina yake zuwa ba, amma yana zuwa.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Salmanu. Ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya shi yadda ya sanyaya maƙoshin matafiya, ka shayar da shi daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka tsare jikinsa a inda yake. Waɗanda suka riga mu a ƙasar nan kuma, idan an yi su, kai ka san sunayensu.

Ina yi wa Baba ta'aziyya, da Gwaggo Widad, da Gwaggo Hindu da ke Rusairis wadda ba ta samu ganinsa ba, da Iya Ruƙayya, da duk wanda ya taɓa shiga tura'a tare da shi. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu zuwan.

Gwaggo Widad ta ce in shirya in bi ta zuwa garin Damazin, ta samo mini makaranta. Na ce mata sai bayan damina, ban faɗi dalili ba. Kullum idan na fita itace ina tafiya da tasa a ƙarƙashin mayafi, ina ɗibar ƙasa ina tarawa ta kudu da kabarinka, inda ruwan yake fitowa, ina dannawa da ƙafa yadda kake toshe bakin gona. Yanzu ta kai idon sawuna. Ranar da na ga hadarin farko, idan ba ta kai gwiwa ba, zan je gaban Baba in durƙusa in faɗa masa, ko da muryata za ta yi rawa.